Lemon da Ya Faɗa Ƙahon Soja

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ga neman hular da ke kaina, da yammacin da na hau dandamalin 'yan badujalar sojan ƙasar Sin rungume da kwandon lemo. Shekaru sun tura, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin mota, sai in tsinci kaina ina cewa "kai, kai, kai" a fili, har na kusa da ni ya juyo ya tambaye ni ko lafiya.

A farkon shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar Sin ne. Lokacin ina ɗalibi a Guangzhou, ina shekarar koyon Sinanci kafin a bar mu mu shiga karatun injiniyan da ya kai mu. Idan an yi hutu sai in tattara in koma Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka yi wa tsinke, inda za ka ji ana ciniki da Hausa a bakin lif kamar kana Kantin Kwari. A can nake raɓe wurin Alhaji Sabi'u, wani Bakano mai ofishin tura kaya gida, ina yi masa tafinta. (Kalmar tafinta ta yi wa aikin girma. Sinancina a lokacin bai wuce na neman ragi da tambayar hanyar banɗaki ba, sai dai da babu gara ba daɗi.) Shi kansa Alhaji Sinancinsa kakaf bai wuce "ni hao" na gaisuwa ba, sai "lawban", wato maigida, sai "meyo", wato babu. Da su kuwa ya cika kwantenoni ba adadi.

Kafin in yi nisa, gara ku san irin mutumin da ke ba ku labari. Ni mutum ne mai tafiya yana zaune. Tun ina ƙarami Inna ke cewa gangar jikina kawai ta haifa, hankalin aro ne, yakan koma wurin masu shi ba sallama. An sha aikena sayen manja in dawo da kwalba fayau ina ba da labarin wani gajimare mai kama da raƙumi. Abin da ya fi komai saurin ɗauke ni kuwa shi ne badujala. Ƙanin Inna, Kawu Bala, mabushin begila ne a barikin soja a Kaduna, kuma wurinsa ake tura ni hutun Sallah. Washegarin Sallah da yamma 'yan badujala kan fito fili su yi wa iyalan bariki da mutanen unguwannin kewaye kiɗa, matan gari kuma su zo da fantekan waina da miyar taushe saboda sojojin da aiki ya hana zuwa gida. Ni ne mai riƙe wa Kawu tsumman goge begila, muƙamin da nake gani daidai yake da na Janar. Daga baya aka tafi da su Laberiya. Begilar ta dawo cikin akwatin ƙarfe, mai ita bai dawo ba.

To, a wannan shekarar an yi wani irin sanyi da tsofaffin Guangzhou suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Garin kansa ba ya ganin dusar ƙanƙara, amma ta zuba a lardunan da ke arewa da mu har ta tsayar da jiragen ƙasa, ga shi kuwa daidai lokacin da ma'aikatan masana'antu ke rububin komawa ƙauyukansu bikin sabuwar shekara, wanda suke ɗauka yadda muke ɗaukar Sallah. Tashar jirgin ba ta da nisa da Xiaobei. Wata rana na hau gadar masu tafiya a ƙasa na hango filin tashar. Ba ka ganin ƙasa, sai laimomi da kawuna iyakar ganinka, ana ta yayyafi. A tsakaninsu ga sojoji sun saƙala hannu da hannu sun zama katanga, ruwa na bin fuskokinsu. Ina kallo aka miƙo wani jariri ta saman kawuna, daga wannan hannu zuwa wancan, har ya isa ga wani soja da ya buɗe ƙatuwar rigarsa ya cusa shi ciki. Na daɗe tsaye a gadar nan. Sai da na koma ofis Alhaji ya tambaye ni ina shayin da ya aike ni.

Bayan al'amura sun lafa, jirage sun tashi, biki ya shigo, sai ga Ayi Lin a ofishinmu. Ita ce shugabar kwamitin unguwa, wata gajeruwar dattijuwa mai jan ƙyalle a dantse da murya kamar lasifika. ("Ayi" kamar ka ce gwaggo ne.) Mu da ita ba mu cika shan inuwa ɗaya ba. Kullum tana kanmu: kwalayenmu sun tare matakala, baƙinmu suna waya da Kano kamar da bakinsu za su aika muryar ba da wayar ba. Ga shi hayar ofishin Alhaji ta kusa ƙarewa, mai ginin kuwa ba ya sabunta wa baƙo sai ya ji ta bakin Ayi, a shekarar da kowa ke kaffa-kaffa saboda wasannin da ke tafe. Shi ya sa da ta shigo Alhaji ya miƙe har yana ture kofi.

Amma ranar da murmushi ta zo. Ta yi ta zuba bayani, na kama abin da Allah ya sa na kama.

"Me ta ce?" in ji Alhaji. "Kwalayen ne kuma?"

"A'a, Alhaji. Wai 'yan badujalar soja za su zo filin unguwa su yi kiɗan biki. Mutanen unguwa suna haɗa wa sojojin da suka tsaya a tasha kyauta, tunda su ba su samu zuwa gida ba. Tana tambaya ko baƙi za su sa hannu."

Alhaji ya gyara hula. "Allah mai iko. Ce mata ba hannu kaɗai ba, har ƙafa za mu sa."

(Wannan ban fassara ba.)

Da farko kilishi Alhaji ya so a ba su, wanda wani ya zo masa da shi daga gida. Ayi ta gutsira, ta tauna, hawaye suka zubo mata, ta ce a'a, a sayi lemo. Wai a wurinsu ƙananan lemon nan masu ruwan zinare alamar fatan alheri ne a sabuwar shekara. Haka aka yi. 'Yan kasuwarmu suka haɗu aka sayo tawul-tawul da safa aka kai wa kwamiti, aka kuma ware kwando guda na lemo zaɓaɓɓu, aka ɗaure masa jan zare, wanda mutum ɗaya zai hau dandamali ya miƙa a madadin dukkan baƙin unguwa. Muna zaune a wani gidan abincin Musulmin Sin bayan Juma'a aka fara tambayar wa zai kai.

Babu wanda ya matsa mini. Wannan nake so a rubuta a ajiye. Da bakina na ce, "Alhaji, ai wannan aikina ne. Ni ɗan bariki ne. Badujala tun ina goye nake jin ta. Kafin mai sandar jagorantar kiɗa ya ɗaga gira na san abin da zai biyo baya."

Isuhu, wani Badamagare mai fataucin wayoyi da muke kwana ɗaki ɗaya, ya ajiye tsinken cin taliyarsa ya dube ni. "Bon," in ji shi, wato "to" a bakinsu, "ɗan bariki na hutu dai. Mu je zuwa, mahaukaci ya hau kura."

Aka yi dariya, amma Alhaji ya yarda. Ya ce, "Malam ƙarami, mutuncinmu gaba ɗaya a cikin kwandon nan yake. Ka riƙe shi da hannu bibbiyu."

Ayi Lin ta zaunar da ni ta tsara mini komai dalla-dalla. Za a yi kaɗe-kaɗe masu zafi, sannan a yi wani mai sanyi, na sojan da ke kewar mahaifiyarsa. Idan wannan ya ƙare, za ta ɗaga mini hannu. In hau ta matakalar dama, in miƙa wa hafsan da ke jagorantar kiɗan kwando, in yi masa barka da sabuwar shekara da godiyar baƙi, in ɗan rusuna, in sauko. Ta koya mini jimlar, na yi ta bitarta a banɗaki da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa har ta zauna. Na kuma ce mata, da Sinancina mai ɗingishi, kada ta wahalar da hannunta, ni na san inda kiɗan soja ke ƙarewa.

Ranar, Alhaji ya ara mini babbar rigarsa ta shadda mai ruwan sararin samaniya. Alhaji dogo ne, ni kuwa Allah bai tsawaita ni ba, don haka rigar tana sharar ƙasa. Na ɗora ta a kan rigunan sanyi har na zama kamar buhun auduga da aka yi wa ado. Da na dubi madubi ban ga buhu ba. Jakada na gani.

Filin unguwar ranar ya yi wani irin kyau da har yau nake ganinsa idan na rufe ido. Yayyafi ya ɗauke da hantsi, ya bar wani siririn hazo rataye a tsakanin benaye. An jera jajayen fitilun takarda daga wannan bishiya zuwa waccan, iska na ɗan kaɗa su. Ko'ina tukwanen ƙananan bishiyoyin lemo da furanni. Tsofaffi sun zo da kwalaben shayinsu rungume a ƙirji. A gefe guda sojojin da ba 'yan kiɗa ba suna zaune a kan 'yan ƙananan kujeru, sahu-sahu, baya a miƙe, hannuwa a kan gwiwa. Yawancinsu ba su girme ni ba. Matan unguwa suna bi suna naɗa musu mayafan wuya da suka saƙa da hannunsu, wata tsohuwa ma har tana jan kumatun wani tana yi masa faɗan rama, shi kuwa ya ƙame, kunnuwansa sun yi jawur. Mu baƙi aka ba mu kujerun gaba. Alhaji a damana, Isuhu a haguna, kwando a cinyata.

Sai 'yan badujala suka fito da fararen safar hannu, tagullarsu na ƙyalli cikin hazon nan. Hafsan ya juya mana baya, ya ɗaga 'yar sandarsa, aka soma. Kiɗan farko na fareti ne, irin wanda ƙafarka ke bi ba tare da ta nemi izininka ba. Jama'a na tafi, yara na tsalle. Na sunkuya ina yi wa Isuhu bayanin kowane ƙaho da aikinsa, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ɗan bariki, bar ni in ji da kunnena."

Daga nan aka zo kan mai sanyin.

Mutum ɗaya ne ya fara, wani siririn soja mai begila. Ya ja sautin a hankali kamar mai zare zare daga cikin ƙirjinsa. Sarewa ta shigo ta bi bayansa. Filin ya yi tsit, har ƙarar motocin babban titi sai da ta janye. Ban san lokacin da na tafi ba. Na dai ga fitilun nan jajaye sun fara nuna kamar mangwaro, benayen sun narke cikin hazon, sai ga dogayen bishiyoyin barikin Kaduna a madadinsu. Sanyin ya fita daga jikina. Na ji ƙamshin man goge tagulla da na waina mai zafi. Na ji yashin filin fareti a tsakanin yatsun ƙafata. Ga matan gari can da fantekoki a ka, suna tafe suna rangaji, mayafansu na bin iska. Ga Inna a cikinsu, wadda rabona da muryarta an kwana biyu. Sojojin da ke zaune a ƙananan kujeru suka rikiɗe suka zama su Kofur Audu da Saje Bitrus, maƙwabtan Kawu, waɗanda suke ɗaga ni sama su ce in taɓo ganye. Mai begilar kuwa, da na ƙara dubansa, kumatun Kawu Bala ne, da jijiyar nan da ke fitowa a goshinsa idan ya kai ƙarshen numfashi. Yana busawa yana kallona ta gefen ido, yadda ya saba, wai ko ina nan da tsummana. Na ce a raina, ashe ba ka tafi ko'ina ba, Kawu, nan ka zo ka ɓuya.

Sautin ya yi ta sirancewa, ya yi ta sirancewa, har ya ɓace. Kawu ya sauke begila daga bakinsa. Shiru ya sauka a filin kamar an shimfiɗa bargo.

Na miƙe.

Na ji wani abu ya riƙe mini riga ta hagu. Na ɗauka ƙusar kujera ce, na fizge. (Hannun Isuhu ne.) Na ji kamar wani na cewa "Malam ƙarami, Malam ƙarami" daga can ƙasan rijiya. Na hango Ayi Lin a gefen dandamali tana kaɗa hannuwa biyu da ƙarfi, na ce a raina, wannan baiwar Allah, ai na ce kada ta wahala. Na gyaɗa mata kai cikin ƙasaita. Na taka matakalar dama ɗaya bayan ɗaya, shadda na ƙara, ina jin kaina kamar ba a ƙasa nake tafiya ba.

Da na hau, na ga hafsan tsaye, hannuwansa biyu a sama, sandar ta tsaya cak a iska. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar bariki ya san ma'anar wannan. Ni kuwa, ɗan bariki, na ɗauka marhabin yake yi mini. Ban lura kowane mabushi ya cika ƙirji da iska ba. Ban lura mai babbar ganga ya ɗaga gulmarsa ba, ko mai faya-fayan ƙarfen nan biyu da ya ware su daidai kunnena na hagu. Na tsaya a tsakaninsu, na ɗaga kwando, na buɗe baki da jimlata mai daraja.

Hannun hafsan ya sauko.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauka an tattara duk tukwanen Kasuwar Kurmi an sako su daga saman bene a kan mutum ɗaya. Na ƙwalla "Innalillahi!" da muryar da ban san ina da ita ba, na yi tsalle baya, na taka gindin rigar Alhaji, ƙafafuna suka yi gaba, kwando ya yi sama.

Abin mamaki, a wannan ɗan taƙin ma sai da hankalina ya tsaya kallo. Na ga lemon nan sun watsu a iska a hankali, masu ruwan zinare, suna juyawa a gaban jajayen fitilu, hazo a bayansu. Wallahi sun yi kyau. Na ce a raina, kai, ji wani ikon Allah. Sannan mazaunaina suka gaisa da katako, duniya ta dawo.

Lemo ya bazu ko'ina. Wasu suka gangara ƙarƙashin kujerun makaɗa, wasu suka yi tsalle suka sauka wurin 'yan kallo. Ɗaya ya dira a fatar ganga ya yi sama. Ɗaya kuwa, ina gani da idona, ya yi baka kamar wanda aka auna, ya faɗa cikin wani narkeken ƙaho mai baki kamar daro da wani ƙaton soja ke rungume da shi a sahun baya. Nan take muryar ƙahon ta sauya, ta koma ta bijimin da mura ta kama.

Da a ce sun tsaya, da abin ya zo da sauƙi. In ba da haƙuri, in sauka, a wuce wurin. Amma sojoji ne. Ko ƙwayar ido ɗaya ba ta motsa ba. Kiɗa ya ci gaba kamar babu wani baƙin mutum cikin shuɗiyar riga da ke rarrafe a tsakanin takalmansu yana tsintar lemo yana zubawa a gaban riga. Na kai hannu zan ɗauko ɗaya, takalmin mai sarewa ya sauka kusa da yatsana yana bin kiɗa. Na ja baya na yi karo da ƙarfen da ke riƙe da takardar waƙa, na cafke shi kafin ya faɗi, na zauna riƙe da shi kamar aikin da aka ɗauke ni ke nan. Hafsan ya dubo ni sau ɗaya tak, hannun dama na ta aiki, ya nuna mini ƙasa da yatsan hagu. Wannan ko ba tafinta na gane: zauna nan, kada ka motsa.

Na tsuguna a gindin ganga, kowane bugu na ratsa haƙarƙarina. Daga nan ina hango sahun gaba. Isuhu ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya rufe fuska da tafukansa biyu kamar mai addu'ar da ba ta da ranar shafawa. Ban taɓa sanin kiɗa na iya tsawo haka ba.

Da aka kai ƙarshe na gaskiya, shiru ya sake sauka. Wannan karon ko numfashi ban yi ba. 'Yan kallo ma sun rasa abin yi, ba tafi, ba magana. Can sai ƙaton sojan nan na baya ya miƙe a natse, ya kifa ƙahonsa, ya ɗan girgiza. Lemon ya yi gurun-gurun a cikin tagulla, ya zagayo, ya faɗo tafin farar safarsa. Ya ɗaga shi sama ya duba kamar mai duba ƙwai.

Filin ya fashe. Tsofaffi na dariya suna share hawaye, yara na birgima. Sojojin kan ƙananan kujeru suka yi ta maza, kumatu a kumbure, har sai da babbansu ya saki tasa, sannan suka bi kamar an ba da umarni.

Hafsan ya yafito ni. Na tashi, na ɗauki kwandon da bai fi 'yan ƙwayoyi a gindinsa ba, na je gabansa. Wani ya matso da makirfo. Na laluba kaina ina neman jimlar nan da na yi kwanaki ina bita, na tarar an share wurin tas. Abin da ya rage sai Sinancin kasuwa, shi ma na Alhaji. Na miƙa kwandon, na ji bakina ya ce, lasifika na kai shi har bakin titi:

"Lawban... meyo."

Maigida, babu. Ga hafsan soja, a gaban rundunarsa.

Mutumin nan bai yi ko murmushi ba. Ya karɓi kwandon da hannu biyu, ya dubi lemon da ke warwatse daga wannan kusurwa ta dandamali zuwa waccan, ya sunkuya ga makirfo ya ce, "Yo." Wato akwai. Sannan ya sara mini.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai ji muryar Alhaji a kunnena yana cewa, a hankali, "Ɗan bariki, sannu da fareti." Niyyata in zame ta bayan bishiyoyi in faɗa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, in yi ta tafiya har inda layin ya ƙare. Amma Ayi Lin ta damƙe mini wuyan hannu. Na ce shi ke nan, yau ofishin Alhaji ya tashi. Sai na ga ashe dariya ce ta hana ta magana. Ta ja ni har wata rumfa da aka kafa wa sojojin, inda matan unguwa ke zuba musu shayi da abinci mai tururi, ta dangwarar da ni kusa da mai ƙaton ƙaho.

Da ya cire hula sai na ga ashe saurayi ne sa'ana, mai jajayen kumatu irin na mutanen can arewa mai nisa. Ya fito da lemon daga aljihu, ya ɓare, ya raba biyu ya miƙo mini rabi. Ya yi magana a hankali saboda in gane. Ya ce wannan ne biki na biyu da bai je gida ba. Ya ce tun da suka tsaya a tashar nan cikin ruwa bai yi dariya ba sai yau, kuma da ƙyar ya riƙe ta, cikin ƙahon ya yi ta zuba ta. (Ashe ba lemon kaɗai ya shaƙe bijimin ba.) Ya tambaye ni gidanmu da nisa? Na ce da nisa. Ya ce akwai mama? Na ce akwai. Muka ci gaba da tsotsar lemo, hazo na sauka a kan rumfar.

Siririn mai begilar yana zaune gefe yana goge ta da wani ɗan tsumma. Na daɗe ina kallon hannunsa. Ban san abin da ya ja ni ba, na nuna begilar, na harhaɗa 'yan kalmomin da nake da su: ƙanin mama, soja, yana busa wannan. Ya ɗago da fara'a ya tambaye ni yana ina yanzu. Na nemi kalmar da ta dace, ban same ta ba. Na ce, "Meyo."

Ya dube ni. Sannan ya miƙo mini begilar da tsumman, ya nuna mini inda bai gama gogewa ba. Na zauna cikin rigar aro mai tabon lemo ina goge begilar sojan da ban san sunansa ba, har fitilun filin suka fara kamawa.

Alhaji ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai ta hannun Isuhu. Rigar kuwa mai wanki ya yi iya yinsa, tabon ya ce yana nan. Amma an sabunta hayar. Ayi Lin ba ta daina faɗan kwalaye ba, sai dai yanzu idan ta gama takan tsaya ta sha shayi, ta kuma sake ba duk wanda ta tarar labarin daga farko, tana kwaikwayon tsallena da ƙafafunta gajeru. Tsofaffin unguwa da a da ba sa amsa gaisuwarmu suka koma ɗaga mini hannu daga nesa suna ce mini "meyo, meyo". Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, har na gama karatu na bar garin babu wanda ya sake kirana da sunan da aka raɗa mini. Mai Lemo nake, har a bakin waɗanda suka zo bayan shekaru ba su san dalili ba.

Abin da na tsinta a dandamalin nan, ban da lemo, shi ne ba kowane shiru ne ƙarshen magana ba, wani numfashi ake ja. Yanzu ko a taron wurin aiki shugaba ya yi shiru, ba na tafi sai na ga wasu sun riga ni sun kuma tsira. A gida ma idan uwar 'ya'yana ta yi tsit a tsakiyar faɗa, ba na gaggawar miƙewa da ban-haƙuri. Nakan zauna daram in riƙe hannun kujera, don na san mai ganga bai sauke gulmarsa ba tukuna.